Kunkurun Ƙarfe da Fadamar Haɗiyau

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa, ya yi wani sashenta dutse, wani rairayi, wani kuwa taɓo mai haɗiye mutum da ransa. Ku matso kusa ku ji daga bakin wanda abin ya faru a kansa. Sunana Jatau, maƙeri ɗan maƙeri, haifaffen ƙasar Zangarma, can bayan tekun da jiragen fatake ba su cika ƙetarewa ba. In kun ji muryata tana hawa, kada ku ɗauka da ku nake. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna, kamar jiya aka yi.

Tsakanin Zangarma da maƙiyanta Gwaltawa akwai wata fadama da ake kira Haɗiyau. Samanta kore shar kamar gonar shinkafa, ƙarƙashinta kuwa ba wanda ya taɓa taɓo ƙasa. A wancan gaɓar Gwaltawa suka gina ganuwa ta dutse, daga nan suke fitowa cikin ƙananan kwale-kwale su ƙone mana rumbuna su koma. Da abin ya ishi mutane, Sarkin Yaƙinmu, wani mai suna Kure, ya sa aka zuba igwa ta tagulla wadda bakinta ya isa ya haɗiye ɗan maraƙi. Aka sa mata suna Uwar Tsawa. Zuba ta bai ba kowa wuya ba, kai ta gaban ganuwa shi ne aikin.

Shanu aka fara ɗaura mata. Suka nutse har doro, aka yanka su a inda suke. Sai Kure ya ce a kawo mutane. Aka bi gida gida, daga gidanmu aka ɗauki ni da yayana Korau. Aka shimfiɗa katako a kan taɓo, aka ba mu igiya, masu bulala suka tsaya a bayanmu. Wanda ke kusa da ni a igiya wani manomi ne, Shekarau, mai yawan barkwanci, ko jini na zuba daga tafinsa sai ya sami abin da zai ba mu dariya.

Wata rana da hantsi wilin amalanken igwa ya zame daga katako. Korau na gefen, ya faɗi, wilin ya danne masa cinyoyi. Da ransa, idonsa biyu, yana kiran sunana. Na saki igiya na ruga wurin Kure, na durƙusa cikin laka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yayana ne a ƙarƙashi. A ja ta baya kaɗan mu zaro shi."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Uwar Tsawa ba ta komawa baya. Ku ja!"

Bulala ta sauka a bayan mutane, suka ja. Ba zan faɗa muku abin da na ji ba. Abin da na sani, na tsinci kaina da gudumar buga turaku a hannu, shugaban masu bulala yana kwance a gabana. Dakarai suka yo kaina. Sai Shekarau ya kwarma ihu, "Gwaltawa! Ga Gwaltawa nan ta cikin ciyawa!" Wuri ya hargitse, kowa ya kama gabansa. Ya finciko ni, hawaye na bin fuskarsa, ya ce, "Gudu, Jatau. In Allah ya bar ni da rai, ba ɗan Zangarma da zai sake mutuwa saboda tagulla."

Na gudu. A kan hanya na yi rantsuwa ba zan sake taka ƙasarmu ba sai da abin da zai ɗauki igwa ya ƙetare Haɗiyau da ita, ba tare da an ɗaura wa ɗan Adam igiya ba.

Na yi ta tafiya gabas, ina ƙira a ƙauyuka don in ci, har ciyawa ta ƙare na shiga Rairayin Tunfas. Yashin wurin laushi gare shi kamar garin da aka tankaɗe. A gabana na ga raƙumi ya nutse har wuya yana kuka. Saura kaɗan ni ma in nutse, sai wani ayari ya tsince ni. Shugabarsu wata tsohuwa ce, Inna Tumba, ƙarama kamar yarinya, amma in ta yi gyaran murya ƙarti tsit suke yi.

Amalankensu ya ba ni mamaki. Nauyin gishirin da ke kai ya isa ya karya gada, amma ba ya nutsewa. Suna da wasu shimfiɗu na itace, an jera sanduna an ɗaure da fata kamar asabari. A shimfiɗa a gaba, amalanke ya hau ya wuce, a naɗe na baya a ruga da shi gaba a sake shimfiɗawa. Aikin da aka ba ni ke nan, naɗewa da gudu, tun safe har rana ta faɗi. Rannan gajiya ta kai ni maƙura, na wurgar da shimfiɗar na zage ta tas.

Inna Tumba ta ce, "Kai, baƙo, me ta yi maka?"

Na ce, "Inna, kullum ni ke kai ta gaba. Don me ba za ta kai kanta ba?"

Ta yi dariya har haƙorinta ɗaya da ya rage ya bayyana. Ta ce, "To ka ɗaura kanta da wutsiyarta mana, ka ga ko za ta tashi."

Ba'a take yi mini, amma maganar ta tsaya mini a rai. Da aka yada zango na ɗauki shimfiɗa biyu, na zagaye wilin gaba da na baya da kowace, na haɗa baki da baki na ɗinke. Muka tura amalanken. Ya tafi, hanyarsa tana sauka a gabansa tana tashi a bayansa ita kaɗai. Bai yi nisa ba fatar ta tsinke, amma na ga abin da na gani. Inna Tumba ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ba aikin fata ba ne, ɗana. Ƙarfe yake so, da ƙarfin da ya fi na sa. Tafi Birnin Murhu. Amma ka sani, mun sha kai mutane ƙofarsa, ba mu taɓa ɗauko kowa ba."

Birnin Murhu cikin cikin dutse yake. Tun daga nesa ake jin ƙasa na rawa. Da na shiga na ga guduma mai girman rumbu tana tashi tana dukan ƙarfe ba hannun kowa a kanta, na ga guga na hawa daga rijiya da kansa. Asirin duka tururi ne: a rufe ruwa a tukunyar ƙarfe, a hura wuta, ƙarfin da ke neman mafita shi ke juya komai. Ina tsaye baki buɗe aka kama ni, aka buga mini mundu na ƙarfe a ƙafa. Dokar birnin ce, baƙon da ya ga tukunya ba ya fita.

Sarkin Maƙera, mai mulkin wurin, da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi murmushi. Ashe ya daɗe yana neman abin da zai ɗauki igwa, don sarakunan duniya su riƙa zuwa ƙofarsa suna roƙo. Ya sa aka kai ni wani fili a bayan maƙera inda ake zubar da abin da ya gaza. Na ga wata na'ura mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe, gwiwoyinta a karye. Na ga wani wili guda da ya fi rimi tsawo, kwance a gefensa, aka ce da ya faɗi ya tafi da waɗanda suka ƙera shi. A nan aka haɗa ni da mai kula da tukunya, Baba Nomau. Tun yana saurayi aka kama shi, yanzu gemunsa fari fat, ƙarar guduma ta cinye masa kunne ɗaya.

Muka kama aiki. Na ƙera faranta na ƙarfe, na haɗa su da ƙusoshi suka zama sarƙa mai faɗi, na yi wa wilin baya haƙora don ya ciji sarƙar ya ja ta. Baba Nomau ya ɗora tukunya a baya. A gaba muka bar shimfiɗaɗɗen gado da gangara, inda za a jawo igwa ta hau, a cire wilinta a rataye a gefe. Sau nawa sarƙa ta zame, sau nawa ƙusa ta karye, Allah kaɗai ya sani. Da ta fara tafiya kuma sai ta ƙi juyawa, gaba kawai ta sani kamar gwanki. Rannan dutse ya maƙale a sarƙar hagu, ta dama ta ci gaba, abin ya yi juyi ya rushe katangar madafa, masu tuwo suka watse suna tsine mana. Baba Nomau ya zauna a ƙasa yana dariya har da tari. Daga ranar muka san yadda ake juya ta: a tsayar da sarƙa ɗaya, a bar ɗaya.

Ni na ɗauka an gama. Baba ya ce da saura.

Ya ce, "Yaro, in kai ne a kan ganuwa ka ga wannan abu ya nufo ka, wa za ka fara harbi?"

Na ce, "Mai tuƙi."

"Sai wa?"

"Sai mai wuta."

Ya ce, "To ni ne mai wuta. A yi mana ɗaki."

Muka ƙera ɗakuna biyu ƙanana na ƙarfe mai kauri, ɗaya na mai tuƙi, ɗaya ya rufe tukunya da mai wuta, muka bar 'yan tsaga na leƙe. Ciki zafi kamar tanderu, amma harsashi ba ya ratsawa. Da mutanen birni suka ga ƙwaryar bayanta da jan cikinta, suka sa mata Kunkuru.

Ana gobe za a gwada ta gaban jama'a, wata mai kawo mana abinci ta raɗa wa Baba cewa Sarkin Maƙera ya sa an wasa gatari. Da zarar gwaji ya yi kyau, za a sare mana hannuwan dama, don kada mu ƙera wa wani irinta. Cikin fushi na miƙe zan farfasa Kunkuru. Baba ya riƙe ni ya ce, "Zauna. Abin da muka ƙera ƙafa gare shi."

Washegari da rana tsaka muka faɗi gaban Sarkin Maƙera. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, tafiya a fili ba gwaji ba ne. A buɗe ƙofa mu hau gangaren waje, kuma a sa 'yan bindiga su yi ta harbinmu, sarakuna su ji labarin sulkenta." Abin ya yi masa daɗi. Ya sa mahaya suka kewaye mu, aka buɗe ƙofa. Muka shiga ɗakunanmu muka kulle. Harsashi ya yi ta sauka kamar ƙanƙara a kan kwano, jama'a na shewa. A ƙasan gangaren akwai wani tafki inda birnin ke zubar da tokar maƙera da ruwan wanki tun kaka da kakanni, ya zama caɓi baƙi ƙirin. Na tsayar da sarƙar hagu, Kunkuru ta juya, na nufi tsakiyarsa. Shewa ta koma ihu. Dawakin da suka biyo mu suka kafe har ƙirji, mu kuwa muka ratsa muka fita ta wancan gefe. A can muka yanke mundayen ƙafarmu. Baba ya riƙe nasa yana juyawa a hannu, sannan ya wurga shi cikin wutar tukunya.

Muka yi ta tafiya yamma, muna saran itace muna ɗiban ruwa, ƙauyuka na watsewa in sun hango mu, har muka iso Zangarma. Na tarar Kure ya mutu, 'yan igiya ne suka yi masa bore suka kashe shi. Uwar Tsawa tana bakin fadama ta yi kore. Sabon Sarkin Yaƙi kuwa, wanda ya jagoranci boren har sarkin Zangarma ya ga ya fi sauƙi a ba shi sarauta, Shekarau ne. Ya yi ƙiba, ya sha rawani. Da na gaya masa rantsuwar da na yi, ya rungume ni yana kuka, ya ce, "Ɗan'uwa, ka cika alkawari."

Aka jawo Uwar Tsawa ta hau gadon Kunkuru, aka loda albarushi da harsasai. Da muka taka bakin fadama sai sarƙa ta fara nutsewa, nauyi ya yi yawa. Na ce wa Shekarau ko dai a ɗauki ƙaramar igwa, ko a ba ni lokaci in faɗaɗa sarƙa.

Ya ce, "Ƙarama ba ta fasa ganuwa. Sarki kuma na riga na gaya masa kafin girbi. Me ya fi nauyi a jikinta bayan igwa?"

Ya ƙwanƙwasa ɗakin Baba da sandarsa, ya ce, "A cire waɗannan."

Na ce, "Shekarau, mutane ne a ciki."

Dogarinsa ya daka mini tsawa, wai in ce ranka ya daɗe. Shekarau ya ɗaga masa hannu, ya matso ya sassauta murya. Ya ce, "Jatau, lokacin da muke igiya, igiya kawai muke gani. Yanzu ƙasar duka nake gani. In ba a fasa ganuwar nan ba, bana ma yunwa za a yi. Mutum biyu ne a kan dubbai."

Na ce, "Haka Kure ma yake gani."

Fuskarsa ta canza. Ya juya baya ya ce a riƙe ni. Ina ji ina gani aka kwance ƙusoshi aka sauke ƙarfen da muka sha wuya a kansa. Sannan na ga abin da ya fi wannan ciwo. Tukunya tana cin itace da ruwa mai tsabta, kuma ba wurin ajiye su a kai, sai ya sa aka bi gida gida aka kwaso mutane, maza har da mata, su biyo mu a kan katako da kaya a ka. Yawansu ya fi na 'yan igiyar da.

Na rantse ba zan tuƙa ba. Baba Nomau ya ce, "In ba mu ba, wani za su sa. Wanda bai san tukunya ba zai fasa ta ya dafa duk na kusa. Tashi mu je, yaro."

Muka shiga Haɗiyau da safe. Kunkuru ta yi abin da aka ƙera ta dominsa, ta bi ta kan taɓon da ya cinye shanu da mutane kamar tana kan daɓe. Ban ji daɗin komai ba. Da muka kusa ganuwa Gwaltawa suka buɗe wuta. Masu ɗaukar itace suka fara zubewa, ba inda za su ɓuya. Harsashi ya huda bututun tururi, tururin ya feso wa wata mata a fuska. Na waiwaya in kira Baba ya toshe, sai na gan shi zaune ya jingina da tulin itace, hannunsa a kan ciki, jini na bi ta tsakanin yatsunsa.

Daga baya na ji muryar Shekarau yana cewa, "Gaba! A bar waɗanda suka faɗi, a ci gaba!" Na duba in ga inda yake. Wallahi, ƙarfen da aka cire daga ɗakin Baba, shi aka kafa masa a kan katako, yana bayansa yana leƙowa ta tsagar da na yanka da hannuna.

Ban san lokacin da na sauko daga mazaunina ba. Na ɗauki guduma na je wurin turakun da ke riƙe da igwa, na buge na farko, na buge na biyu. Uwar Tsawa ta yi ƙara, ta zame ta gangara, ta dulmiya da baki. Haɗiyau ta yi kumfa ta rufe. Na yi wa masu itace tsawa, "Ku zubar da kaya! Ku ɗauko masu rauni ku hau!" Suka hau, gadon igwa ya cika maƙil. Na toshe bututu da rigata, na juya Kunkuru.

Da muka zo daidai da shi, Shekarau ya fito daga bayan ƙarfensa yana kumfar baki. Ya ce, "Ka kashe Zangarma, Jatau! Ka san abin da ka jefar?"

Na ce, "Tagulla."

Ya ce wa 'yan bindigarsa su harbe ni. Suka ɗaga, suka ga iyayensu da ƙannensu a bayana, suka sauke. Na wuce na bar shi tsaye a kan katako.

A bakin fadama na sauke mutane. Baba Nomau bai kai ba. Abin da ya ce mini na ƙarshe, in rage wuta, tukunya ta yi zafi da yawa. Na binne shi a kan tudu, na hau Kunkuru ni kaɗai, na bi gefen Haɗiyau na yi kudu har na fita daga ikon Zangarma. Na zauna a wani mashigi inda fatake ke shan wahalar ƙetarewa, na zama mai fito, ina ɗaukar mutane da jakunansu daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Bayan wasu damuna, wani mutum ya zo mashigin daga arewa. Hannuwansa biyu a ƙone suke har gwiwa, fatar ta yi fari ta tattare, yatsun ba sa miƙewa. Da ya hango Kunkuru sai ya ja da baya yana salati. Na ce masa ya hau, ba abin da za ta yi masa. Da ƙyar ya yarda. Muna cikin tafiya na tambaye shi daga ina.

Ya ce, "Daga Zangarma, malam. Mai wuta ne ni. Sarkin Yaƙi ya tara maƙeran da suka taɓa ganin irin wannan, suka ƙera masa wasu. Gwaltawa ma sun kama ɗaya sun kwaikwaya. Yanzu fadamar cike take da su, kowa na ɗauke da igwarsa."

Na ce, "Da ɗakin ƙarfe?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce, "Wane ɗaki? A fili muke tsayawa." Ya ɗaga hannuwansa ya kalle su. "Allah ya isa tsakanina da wanda ya fara ƙera wannan abu. Ko a lahira ban yafe masa ba."

Na buɗe baki zan gaya masa akwai wani tsoho mai kunne ɗaya da ya ce a yi ɗaki, in gaya masa sunan wanda ya ce a cire. Sai na ga yana ƙoƙarin kama gorar ruwa da waɗannan yatsu, tana suɓuce masa. Na rage wuta, na ɗauki gorar na kafa masa a baki, ya sha har ya ƙoshi.